Babi na Shida: Shaidar Ruwan Ciki

Tun zamanin da malaman ɗibbu na farko suka soma rubuta abin da suka gani a jikin ɗan Adam, ba su gushe ba suna ambaton wata cuta wadda ciki yake cika da ruwa a cikinta, har cibiya ta turo, fatar ciki ta yi sheƙi, numfashi ya gagara sai da jingina, alhali kuwa fuska da ƙirji da damatsa suna ta ramewa. Larabawa sun kira ta istisƙa'i, kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi sawun magabata ya kasa ta gida uku a cikin littafinsa Alƙanun: wadda ruwa ke taruwa a kogon ciki, da wadda iska ke cika shi har in an buga ya yi amo, da wadda kumburi ke game naman jiki baki ɗaya. Kafin shi da 'yan shekaru, can a ƙasar Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi mutumin Ƙurɗuba ya bayyana a juzu'i na talatin na littafinsa Attasrif yadda ake huda cikin mai wannan cuta a ƙasan cibiya, a zura siririn bututu na ƙarfe a tsiyayar da ruwan, ya kuma yi kashedi da kakkausar murya kada a fitar da shi duka a zama guda, domin majinyaci yana iya suma ko ya cika a hannun mai magani. Wannan kashedi nasa har yau bai tsufa ba.

Abin da waɗannan bayin Allah ba su samu ba, duk da zurfin nazarinsu da kaifin basirarsu, shi ne hanyar da za su tambayi ruwan kansa daga ina ya fito. Suna fitar da shi, su duba launinsa, su sansana, sa'an nan su zubar. Mu kuwa da muka zo a zamanin da ake iya auna abin da ke narke cikin cokali guda na wannan ruwa, a ƙidaya ƙwayoyin da ke yawo a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ba mu da uzuri idan muka yi yadda suka yi. Gama kumburin ciki da ruwa alama ce ta cututtuka da dama da ba su haɗa komai ba sai wannan kama ta zahiri: da mai ƙandararriyar hanta, da mai tarin fukan ciki, da mai ciwon daji, da wadda zuciyarta ta gaza bayan haihuwa, da yaron da ƙodarsa ke zubar da furotin a fitsari, duk za ka gan su kwance a jere da ciki iri ɗaya, amma maganin da zai tashi wannan yana iya zama ajalin wancan. Alƙali mai tsoron Allah ba ya yanke hukunci da ganin fuskar masu ƙara, sai ya nemi bayyina. A wannan mas'ala kuwa babban mai shaida shi ne ruwan nan da ake gaggawar zubarwa a bokiti.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ruwan yake samuwa tun asali, domin dukkan gwaje-gwajen da za mu ambata a kan wannan aka gina su. Kogon ciki yana da wani tantani mai santsi da ya lulluɓe bangonsa ta ciki, ya kuma naɗe hanji da tumbi da hanta, kuma a jikin mai lafiya ɗan danshi ne kawai a tsakani, gwargwadon abin da zai sa kayan ciki su riƙa zamewa a kan juna ba tare da gogayya ba. A 1896 wani masanin aikin gaɓoɓi a Landan, Ernest Starling, ya nuna cewa ƙarfi biyu ne suke jayayya a kan ruwan da ke cikin ƙananan hanyoyin jini: matsin jinin da ke tura shi waje, da furotin ɗin jini, musamman wanda ake kira albumin, da ke riƙe shi a ciki. Saboda haka ruwa ba ya taruwa a ciki sai ta ɗaya daga hanyoyi uku. Ko dai matsi ya yi yawa a babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga hanji zuwa hanta, saboda hantar ta ƙandare ta toshe masa hanya, ko zuciya ta kasa karɓar abin da ake kawo mata. Ko albumin ya yi ƙaranci ƙwarai a jini. Ko kuwa tantanin kansa ya kamu da cuta yana tsatsar da ruwa mai kauri. A ƙasashen Turai da Amurka kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan lalura hanta ce sababinsu, galibi ta dalilin giya ko kitse ko ƙwayar cutar hanta. A ƙasashenmu ma hanta ce a gaba, ko da yake ta wata ƙofa dabam, domin binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami ƙwayar cutar hanta ta B a jinin kimanin kashi 8 cikin 100 na manya. Sai dai tarin fuka da ciwon zuciya da tsargiyar hanji suna da rabo a nan fiye da wanda suke da shi a can, kuma wannan shi ya sa zato ya fi haɗari a wurinmu.

Mutanenmu suna da ra'ayi a kan taɓa ruwan nan, kuma ra'ayin ya rabu biyu masu karo da juna. Wasu da zarar sun shigo asibiti sai ka ji babban wa ko kawu yana cewa, "Likita, don Allah a zuƙe masa ruwan nan ya samu ya huta," ba ruwansa da abin da ya kawo shi. Wasu kuwa sun riga sun ji a gari cewa wanda aka zuƙe wa ruwa ba ya tashi, ko kuwa ruwan ninkawa yake yi, sai su ƙi sa hannu, su koma ga sassaƙe da turare da neman wanda ya yi sammu. Gaskiyar al'amari ita ce ruwan yakan dawo ne domin ba a taɓa sababinsa ba, kuma waɗanda suka rasu bayan an zuƙa, mafi yawansu cutar ta riga ta ci ƙarfinsu kafin a kawo su. Ɗibar da ake yi don gwaji kuwa aba ce mai sauƙi. Majinyaci zai yi fitsari tukuna, ya kwanta rigingine ya ɗan karkata hagu. Likita ya bubbuga cikin da yatsa har ya ji inda amo ya mutu, ko ya duba da na'urar hoton ciki wadda take ganin ruwa tun yana kamar mililita 100, alhali hannu ba ya gane shi sai ya kai wajen lita ɗaya da rabi. Sa'an nan ya wanke gefen hagu na ƙasan ciki da aidin, ya yi allurar kashe zafi, ya ɗan ja fatar gefe kafin ya soka allura, domin idan ya zare, hudar fata da ta ciki su saɓa, ruwa kada ya riƙa ɗiga. Abin da zai cika babban sirinji guda ya wadatar. Matsala mai tsanani daga wannan aiki ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba.

Ido ne yake fara karanta shi tun yana cikin sirinji. Ruwan hanta garau yake, rawaya-rawaya. Idan ya yi duhu-duhu ya gurɓace, ana zargin ƙwayoyin cuta. Idan ja ne, ko allura ce ta taɓa jijiya ko kuwa daji ne. Idan fari ne fat, mai ne ya zubo daga hanyoyin da ke kwashe kitse daga hanji. Amma ido zato yake bayarwa, yaƙini sai an auna.

Tsawon shekaru likitoci sun dogara ga wata ƙa'ida guda, watau su auna jimlar furotin da ke cikin ruwan, idan ya haura giram 2.5 a desilita su ce tantani ne ya kamu, idan bai kai ba su ce hanta ce ko zuciya. Ƙa'idar tana da daɗin haddacewa, kuma an karantar da ita a makarantun likitanci na duniya duka, har sai da wani likitan hanta a Amurka, Bruce Runyon, da abokan aikinsa suka buga sakamakon bincikensu a 1992, inda suka gwada ta a kan samfuri 901 na marasa lafiyar da aka tabbatar da cutarsu, suka tarar ba ta dace ba sai a kusan kashi 56 cikin 100, abin da bai fi canke ba sai da kaɗan. A maimakonta suka tabbatar da wata hanya wadda aka soma kawo shawararta tun farkon shekarun 1980, kuma ta dace a kusan kashi 97. Ga yadda take: a rana guda a ɗebi jini a ɗebi ruwan ciki, a auna albumin na kowanne, a ɗebe na ruwa daga na jini, abin da ya rage shi ne ake rubutawa SAAG a takardar sakamako. Idan ya kai 1.1 ko ya fi, to matsi ya hau a jijiyar hanta. Idan bai kai ba, a nemi cutar a wani wuri. Misali, mutumin da albumin na jininsa 2.8 ne, na ruwansa 0.9, bambancinsa 1.9, wannan hantarsa ko zuciyarsa za a bincika. Wanda kuwa na jininsa 3.0 ne, na ruwansa 2.4, bambancinsa 0.6 kacal, shi tantaninsa ne ke tsatsa, sai a tuhumi tarin fuka ko daji. Hikimar abin tana cikin ƙa'idar Starling ɗin nan: gwargwadon ƙarfin matsin da ke tura ruwa waje, gwargwadon tazarar albumin da za ta tsaya tsakanin jini da ruwan. Abin da ya fi burge ni game da wannan gwaji shi ne arharsa, domin ba ya bukatar komai sai awon albumin sau biyu da lissafin ɗebewa irin na 'yan firamare, kuma duk ɗakin gwajin da ke iya yin gwajin aikin hanta yana iya yin sa. Sharaɗinsa ɗaya ne, wanda kuma shi aka fi saɓawa: jinin da ruwan su zama na rana guda, kada a ɗauko sakamakon jinin makon jiya a haɗa da ruwan yau.

Tsohuwar ƙa'idar furotin ba a jefar da ita gaba ɗaya ba, an dai sauke ta daga limanci ta koma sahu. Bayan an san cewa matsi ya hau, ita ce take raba tsakanin hanta da zuciya, domin ƙandararriyar hanta ruwa mai ƙarancin furotin take fitarwa, ƙasa da 2.5, ita kuwa hantar da lafiyarta ƙalau amma jini ya taru ya cushe ta saboda gazawar zuciya, ruwanta mai yawan furotin ne. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci a ƙasar Hausa fiye da wurare da yawa, saboda gazawar zuciya bayan haihuwa, wadda wasu likitoci, Davidson da Parry, suka yi nazarinta a Zariya cikin shekarun 1970 suka danganta ta da wankan jego da kunun kanwa, ko da yake binciken baya-bayan nan, musamman daga Kano, ya raunana wannan dangantawa ya fi karkata ga ƙarancin abinci mai gina jiki da na sinadarin seleniyam. Ko ma mene ne asalinta, mai jegon da ta zo da kumburin ciki da ƙafafu, bambancin albumin ɗinta sama, furotin ɗin ruwanta sama, zuciyarta za a yi wa hoto tun kafin a ɗora wa hanta laifi. Idan kuma bambancin ƙasa yake, furotin ma ƙasa, sai a duba fitsari, gama ƙoda ce take zubar da albumin.

Gwaji na biyu, wanda ya fi na farko gaggawa, shi ne ƙidayar ƙwayoyi. Ana zuba ɗan ruwan a kwalba mai murfi shunayya, wadda ke da maganin hana daskarewa, a kai wa ma'aikacin ɗakin gwaji. Shi kuwa ya ɗiga ɗigo a kan wani gilashi mai kauri da aka zana wa ƙananan murabba'ai, ya rufe da siririn gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya bi gida-gida yana ƙidaya fararen ƙwayoyin jini, sa'an nan ya shafa wani ɗigon a gilashi na biyu ya rina shi don ya bambance nau'o'insu. Abin da ake nema shi ne nau'in da ake kira nutrofil, masu fara kai ɗauki idan ƙwayar cuta ta shigo. Idan sun kai 250 a maikurolita guda, watau kashi ɗaya cikin dubu na mililita, to ruwan ya kamu da cuta, ko da majinyaci ba ya zazzaɓi, ko da cikinsa ba ya ciwo. Harold Conn na jami'ar Yale shi ne ya fito da wannan lalura fili a 1964, inda ƙwayoyin cutar hanji suke ratsawa su shiga ruwan mai ciwon hanta ba tare da hanjin ya ɓule ba. Sau da yawa ba ta da wata alama sai dai a ga mutum ya soma ruɗewa, yana barci da rana yana farkawa da dare, ko fitsarinsa ya ragu, iyali kuma su ɗauka jiki ne kawai ya yi tsanani. Shi ya sa ƙa'ida ta tabbata a wurin malaman hanta cewa duk mai ruwan ciki da aka kwantar a asibiti a ɗebi ruwansa a ranar, kuma da an ga adadin ya kai a soma allurar kashe ƙwayoyin cuta irin su seftiriyazon ba tare da jiran wani sakamako ba. Wani bincike da aka yi a Sifen aka buga a 1999 ya nuna cewa ƙara albumin ta jijiya a kan wannan magani ya rage mace-mace a asibiti daga kashi 29 zuwa kashi 10, ta hanyar kare ƙoda. Sai dai tsadar albumin ta sa ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai a wurarenmu. Akwai kuma wata 'yar gyara da ma'aikaci mai lura ba ya mantawa da ita: idan jini ya gauraya da ruwan, ana rage nutrofil ɗaya a kan kowace jar ƙwaya 250.

Shuka ruwan don a ga wace ƙwaya ce za ta tsiro yana da tasa dabara. Idan aka kai shi ɗakin gwaji a kwalba ta kawai, kusan rabin lokaci ba a samun komai, domin ƙwayoyin kaɗan ne kuma sukan mutu a hanya. Amma idan aka zuba mililita 10 nan take a bakin gado cikin kwalbar da ake shuka jini, ana samunsu a kusan kashi 80 ko fiye. Idan nau'i ɗaya ya tsiro, lalurar da Conn ya bayyana ce, allura ta isa. Idan kuwa nau'o'i da yawa suka fito tare, sukarin ruwan ya faɗi ƙasa da miligiram 50 a desilita, furotin ya haura giram 1, to hanji ne ya ɓule yana zuba a ciki, wannan kuma aikin likitan tiyata ne, jinkirinsa halaka.

Tarin fukan ciki shi ne ya fi wahalar da masu bincike, kuma shi ne ya fi cancantar a wahala dominsa, saboda a cikin manyan sababan ruwan ciki shi ne wanda magani na wata shida yake warkarwa sarai, maganin kuma kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin gwamnati. Mai shi sau da yawa ba ya tari ko kaɗan; zazzaɓin yamma ne, da zufar dare, da rama, da ciki mai tasowa sannu a hankali cikin makonni, kuma yakan kama matasa da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wani lokacin ta hanyar madarar shanu da ba a tafasa ba. Ruwansa yana da ƙaramin bambancin albumin, da furotin mai yawa, da fararen ƙwayoyi waɗanda akasarinsu nau'in limfosait ne. Amma ita ƙwayar da Robert Koch ya gano a 1882 ɓoyewa take yi: rinin da ke nuna ta a majinar ƙirji ba ya nuna ta a ruwan ciki sai a 'yan ƙalilan cikin ɗari, shukarta tana cin makonni har shida ko takwas, kuma na'urar GeneXpert, duk da amfaninta a kan majina, tana yawan kuskure ta a wannan ruwa, ta yadda rashin ganinta ba ya zama hujjar babu. Abin da ya fi taimakawa shi ne awon wani sinadari da ake taƙaita sunansa ADA, wanda limfosait ke fitarwa idan suna fama da ita. In ya haura kimanin yunit 36 zuwa 40 a lita, zato ya yi ƙarfi matuƙa. Inda hali ya samu, ana zura madubi ta ƙaramar huda a leƙa cikin, a ga tantanin ya fesa da ƙananan ƙuraje farare masu girman ƙwayar gero, a tsinko ɗaya a kai gwaji. Inda bai samu ba, likita yakan tara alamun nan ya soma magani bisa rinjayen zato, ya zuba ido ya ga ko zazzaɓi zai sauka ciki ya sace cikin 'yan makonni. Wannan ijtihadi ne karɓaɓɓe matuƙar an yi gwajin da ake iya yi tukuna, domin magungunan tarin fuka suna da nauyi a kan hanta, ba a ba mai ƙandararriyar hanta su da ka.

Shi ciwon daji ana nemansa ne ta hanyar tace ruwa mai ɗan yawa, kamar mililita 50, a kai shi da ɗuminsa, a duba ƙwayoyin da suka kwanta. Idan dajin ya bazu a kan tantani, kamar yadda na ƙwan mace da na tumbi da na hanji suke yi, samfuri uku sukan kama shi kusan a kowane hali. Amma dajin hanta, wanda shi ne ya yawaita a Afirka ta Yamma saboda ƙwayar B da gubar da ke fita a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara, da wuya ya zubar da ƙwayoyinsa a ruwa, sai hoto da gwajin jini ke nuna shi. A nan akwai wani tarko da ya wajaba a ambata. Gwajin jini da ake kira CA-125, wanda ake bin dajin ƙwan mace da shi, yana hawa a jinin duk mai ruwan ciki, mace ko namiji, ko mene ne sababin, domin miƙewar tantanin kanta tana ɗaga shi; kuma an sha tsaga cikin mata a ƙasashe da dama bisa wannan sakamako, a tarar tarin fuka ne ko hanta.

Sauran gwaje-gwajen na lokaci-lokaci ne: a auna mai idan ruwan fari ne, in ya wuce miligiram 200 a desilita a nemi abin da ya toshe hanyar kitse, a auna amilas idan ana zargin fankiriyas, a auna sinadarin shawara idan ruwan ya yi launin ƙasa, don gudun ko matsarmama ce ta fashe.

Duk wannan bin diddigi yana komawa ne ga abin da za a ba majinyaci gobe da safe. Mai babban bambancin albumin shi ne ake rage wa gishiri zuwa kimanin giram 5 a yini, tare da lissafa dunƙulen miya da kanwa a ciki, a ba shi magungunan sa fitsari, galibi sifironolakton miligiram 100 da furosemaid miligiram 40 a farko, kuma in za a zuƙe masa fiye da lita 5 a mayar masa da albumin giram 6 zuwa 8 a kan kowace lita. Mai tarin fuka ko daji kuwa waɗannan magunguna ba sa rage masa ciki, sai dai su busar da jijiyoyinsa su raunana ƙodarsa. Kuma kimanin mutum ɗaya cikin ashirin yana ɗauke da sababi biyu a lokaci guda, misali ƙandararriyar hanta da tarin fuka a kanta. Irin wannan bambancin albumin ɗinsa zai fito sama kamar na kowane mai ciwon hanta, sai yawan limfosait a ƙidaya da zazzaɓin da ya ƙi sauka ne za su sa likita ya koma ya sake ɗiba.